Ranar da Firinta Ta Yi Rabon Adaidaita Sahu

Bayan gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, duk mai ɗan abin hannu ya koma sayen adaidaita sahu yana bayarwa a biya shi kaɗan-kaɗan. Maigidana, Alhaji, na cikinsu. Kafin ka ce kwabo babura sun kai ɗari biyu, kuma kowane direba da irin tasa yarjejeniyar: wannan balas ɗin kullum, wancan na mako; wannan mutum ɗaya ya tsaya masa, wancan biyu; wani sabon babur ya karɓa, wani na hannu. Wata baiwar Allah ce ke buga mana takardun a shagonta, tana goge sunan wancan ta sa na wannan, har ranar da aka wayi gari direbobi biyu suna riƙe da lambar inji ɗaya.

Ni aikina shigar da balas a kwamfuta. Ina da rumbun bayanai a Microsoft Access, kowane direba da layinsa. Alhaji ya leƙo ta bayana ya ce, “Injiniya, tunda duk suna cikin akwatin nan naka, me zai hana ya riƙa haifo takardun da kansa?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, kafin La'asar.” Ban dai faɗi La'asar ɗin wace rana ba.

Shi ɓangaren tsara rahoto na manhajar, don rasit da jadawalin lissafi aka gina shi. Yana raba takarda gida-gida: akwai kan shafi, akwai ƙasan shafi, sai ciki, wanda ake maimaitawa sau ɗaya ga kowane layi na rumbun. Ka ja akwati da linzami ka ce suna a nan, kuɗi a can, shi ke nan. To ni abin da Barista, lauyan Alhaji, ya miƙo mini shafi bakwai ne na zance, da Hausa, domin Alhaji ya ce ba ya son wani ya zo gobe ya ce bai ji Turanci ba. Kamar dai ka kai wa mai ɗinkin hula babbar riga. Da na fara jan cikin rahoton ƙasa don ya ɗauki rubutun, sai ya cije a inci 22, iyakarsa ke nan. Tsawon takardar A4 kuwa ya kusa inci 12, wato ko shafi biyu ban samu ba. Dole na daddatsa yarjejeniyar, na yi ƙananan rahotanni na cusa su cikin babba, sharuɗɗan kuma na zuba su a rumbun, kowane direba a tsamo masa waɗanda suka shafe shi.

Adireshi ne ya fara tona asirin akwatunan. Wani ya ce Ɗorayi, ya yi shiru. Wani kuwa sai da ya ce Kurna, bayan masallacin Juma'a, layin mai ƙosai, gida na uku mai koren ƙofa, in an rasa a tambayi gidan mai unguwa. Akwati ya ɗauki “bayan masallacin”, ya haɗiye sauran. Akwai zaɓin da ke ba akwati izinin girma gwargwadon rubutu, na kunna shi. Ya girma, ya ture na ƙasa da shi, na ƙasan ya ture na ƙasansa, har wurin sa hannu ya faɗa shafi na takwas shi kaɗai. Barista ya ɗaga shafin da yatsu biyu ya ce sa hannun da ke zaune shi kaɗai a farar takarda, ko takardar sayar da gida aka liƙa masa zai amsa. Na kunna ɗaya zaɓin da ke hana raba sashe gida biyu. Sai sashen ya tattara nasa ya nasa ya koma shafi na gaba, ya bar rabin shafi fayau.

Masu garanto ɗaya ma ba su tsira ba. Takardarsu ta fito da na biyu, wanda ya gabatar da kansa kamar haka: “Ni, , mazaunin , na amince na tsaya wa direba.” Barista ya tambaye ni ko aljani ne, kuma in ya gudu a wace tsamiya za a same shi.

Ranar bugawa aka ɗauke wuta, muka tayar da janareta. Firinta ta fara aiki gwanin sha'awa: shafi mai rubutu, shafi fari, shafi mai rubutu, shafi fari. Dalilin bai wuce milimita shida ba. Kwamfutar tana kan ma'aunin takardar Amurka mai faɗin milimita 216, tamu ta A4 kuwa 210 ce, kuma duk rahoton da faɗinsa ya zarce takarda, sai a ba ɗan abin da ya ragu shafi guda nasa, ko da babu komai a kai. Rim guda mai takarda 500 ya tafi Alhaji na tsaye yana lissafin fetur a fili.

Na matse faɗin, muka sake. Direban farko ya karɓi tasa, ya duba ƙasa, ya ga “Shafi na 3 cikin 1,400”. Ashe a wurin manhajar duk yarjejeniyoyin nan ɗari biyu rahoto ɗaya ne, don haka ta haɗa su ta ƙirga. Ya ce, “Oga, ina sauran? Ni ba na dangwala yatsa a kan abin da ban gani ba.” Wallahi da gaskiyarsa. Sai da na rubuta 'yar dabarar da ke mayar da lambar shafi zuwa 1 duk sanda aka shiga sabon direba.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Daren Alhamis, komai ya daidaita, Alhaji ya ce a ƙara layi ɗaya tak: jimillar abin da kowa ya riga ya biya. Abu mai sauƙi, ka ce wa rumbun ya tara bayanai rukuni-rukuni ya haɗa lissafi. Sai dai a Access, gurbin dogon rubutu in ya bi ta irin wannan tarawa, haruffa 255 na farko kawai ke fitowa. Babu gargaɗi, babu jan rubutu. Gajerun sharuɗɗa suka wuce lafiya. Sharaɗi na 12 kuwa Barista ya zuba masa “ba tare da tauye abin da ya gabata ba” iri-iri, ya yi ta kewaye, ya iso kan “babur ɗin zai zama mallakin direba halak malak”, nan haruffa suka cika. “Da zarar ya kammala biyan kuɗin gaba ɗaya” ta tsaya a cikin kwamfuta.

Safiyar Juma'a na ga abin da ban taɓa gani ba: direbobi na rububin sa hannu. Wanda ya fara karantawa ya fita waje ya yi waya, kafin hantsi layi ya kai bakin titi. Mutumin da sai an bi shi har Kwanar Ungogo kafin ya kawo balas, shi ne ya zo da biro nasa na kansa. Wani ya riƙe hannuna ya ce Allah ya ƙara wa Alhaji buɗi, ya sa ya gama da duniya lafiya. Alhaji ya yi ta amsa amin, yana cewa ai dama mutane suna son tsari.

Barista ya iso bayan an sauko daga masallaci, ya ɗauki kwafi ɗaya yana dubawa a tsaye. Da ya kai shafi na huɗu sai ya nemi kujera.

Karɓo takardun ya fi buga su wuya. Wasu har sun kai an lulluɓe tasu da leda. Aka kira masu tsayawa, aka kira mai unguwa, aka kira liman, aka yi ta “a ji tsoron Allah”. Wani dattijon direba ya miƙo tasa da ƙyar, yana cewa, “Alhaji, mu dai abin da aka rubuta muka gani.”

Da ƙura ta lafa na yi wa Alhaji bayanin haruffa 255. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya juya wajen Barista. “To daga yau kada sharaɗi ya wuce haka. Injin ya fi ka gaskiya.”

Barista ya cire tabarau ya ce, “Alhaji, a haruffa 255 ko gaisawa ba mu gama ba.”