Takardar Koke Zuwa ga Jadawalin Rinjaye na Wasan Pokémon

Daga masu buga wasa na zangon Zebilla, gundumar Bawku ta Yamma, zuwa ga Mai Girma Jadawalin Rinjaye, a fadarsa da ke birnin Tokyo.

Masu wannan takarda suna sane da cewa tun 1996, lokacin da wasan Pokémon na kamfanin Game Freak ya fito a Japan, Mai Girma ne alƙalin da ke raba gardama tsakanin dodannin da ake kamawa ana haɗa su faɗa. Abin da ake nufi da rinjaye shi ne ƙa'idar da ta kasa dodanni jinsi-jinsi, kamar na wuta da na ruwa da na tsiro da na lantarki, ta kuma hukunta cewa bugun wani jinsi a kan wani yana ninkawa biyu, ko ya ragu zuwa rabi, ko ya tashi a banza. Da jinsi 15 aka fara, aka ƙara na duhu da na ƙarfe a 1999, sannan na aljanu a 2013, suka cika 18.

Akwai hukunce-hukuncen da babu ja a kansu. Cewa wuta tana cin tsiro abu ne da gobarar dajin hunturu take tabbatarwa kowace shekara, kuma mutanen Yendi, waɗanda suke kwana da damin ciyawa mai ci a daren bikin Bugum, ba sa buƙatar wayar hannu kafin su gaskata. Cewa ƙwaro yana cin tsiro kuwa, tsutsar da ta addabi masarar Ghana a 2017 ta riga ta ba da shaida. Har rage ƙarfin bugun aljanu a kan wuta ya dace da maganar magabata: gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Inda aka rabu shi ne batun ruwa. Mai Girma ya rubuta cewa tsiro yana rinjayar ruwa, ruwa kuma in ya bugi tsiro rabin ƙarfinsa kawai yake tasiri, kuma masu koke suna kyautata zaton cewa a gaban tukunyar fure aka yanke wannan hukunci. A kusan kowace damina, wajen watan Agusta ko Satumba, ana buɗe ƙofofin madatsar Bagre da ke Burkina Faso, ruwan ya biyo kogin Farin Volta ya malala cikin gonakin bakin kogi daga Sapeliga zuwa ƙasa, masara da gero su nutse har kai, ba tare da ko zangarniya ɗaya ta mayar da martani ninki biyu ba. Manomin da ya tsaya a kan tudu yana kallon gonarsa ta zama tafki yana da haƙƙin a faɗa masa a wane layi na jadawalin aka ajiye shari'arsa.

Batun giwa ya fi wannan ciwo. Dodon nan mai siffar giwa da ake kira Donphan an sanya shi a jinsin ƙasa, jinsin ƙasa kuwa yana cikin waɗanda tsiro yake kayarwa, wato a shari'ar Mai Girma ganye ne ke korar giwa. Giwayen da ke ratsa kwarin Jan Volta, suna tsallaka hanyar Bolgatanga a wajen dajin Tilli, da alama ba a karanta musu wannan doka ba, domin a dare ɗaya sukan cinye abin da ya kamata su guje wa, su tattake saura.

Haka nan an ce lantarki yana rinjayar ruwa, alhali daga Bawku har Salaga an saba ganin hadari na haɗuwa fitila ta ɗauke, wayar da ake buga wasan da ita ta mutu ana tsakiyar faɗa.

Masu kare Mai Girma za su ce ai wasan ya san yanayi, tun da akwai dabarar kiran ruwan sama wadda take ƙara wa ruwa rabin ƙarfinsa, ta rage wa wuta rabi. Gaskiya ne, sai dai ruwan wasa zagaye biyar yake yi ya ɗauke, daminar ƙasar Kusasi kuwa takan kama daga Mayu zuwa Oktoba, kuma a tsawon wannan lokaci ciyawar da wuta ke lashewa a Janairu ko ashana ba ta kamawa. Aibin jadawalin ke nan: hukunci ɗaya ya yi wa shekara guda, a ƙasar da mai rinjaye yake canzawa da wata.

Saboda haka ana roƙon Mai Girma ya fitar da jadawali biyu, na rani da na damina, ya kuma cire giwa daga ƙarƙashin tsiro. In kuwa yana shakkar hujjojin da aka kawo, ana gayyatarsa Zebilla a watan Satumba, ya taho da takalmin roba, za a ba shi masauki a gonar da ta fi kusa da kogi.