Difloma da Garin Kwaki

Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, ga kuma Jami'ar Sufuri, samarin Baure da Zango sun samu makaranta a ƙofar gida.

Sai dai darasin farko ba ya cikin manhaja. Yaron da ko cokali bai taɓa wankewa ba, kafin zangon farko ya ƙare ya gane kwano guda na garin kwaki, da ƙuli-ƙuli da haƙuri, yana kai mutum ƙarshen wata. Ya ƙware a garau-garau, ya ƙware a roƙon Baba "kuɗin littafi".

Da hutu ya dawo yana zuba Turanci. Kakarsa ta ce, "Maigidana, ajiye Turancin, ɗora mana tukunya mu ga diflomar."