Zanen Goggo da Tekun Togo

Da aka sa ranar ɗaurin auren ɗan Baffa da wata yarinya 'yar unguwar Nima ta birnin Akra, kowa ya ɗauka kuɗin babbar bas za a haɗa, direban da ya san hanya ya kai mu. Baffa ya ce ba da shi ba. Shi da ya yi fataucin goro tsakanin Kumasi da Legas tun ba a haifi angon ba, a ce wani yaro ne zai nuna masa hanyar Ghana? Da motarsa za a je, ta bakin teku, yara su ga ikon Allah.

Ni da Goggo daga Kano muka taho muka same su a Agege. Goggo ita ce babbar yayar su Baffa, kuma ita kaɗai ta rage a duniya da ke kiran dattijo mai furfura da jikoki "Auta". Ni kuwa babban ruwan da na sani shi ne madatsar Tiga, don haka na yi lissafina tun da dare: wanda ya nufi yamma daga Legas, teku na hannunsa na hagu. Kafin a gama ɗaure kaya na riga na kame kujerar bayan direba, jikin taga. Goggo ta zauna kusa da ni, matar Baffa a gefenta, yara a layin baya tare da huhun goro da katan ɗin alawa.

Daga Badagry zuwa iyakar Seme mun fi yin tsayuwa a kan tafiya. A nuna fasfo, a nuna katin allurar shawara, a nuna inshorar mota ta ECOWAS, a mayar cikin jaka, a yi taku kaɗan a sake fito da su. Da muka shiga Kwatano 'yan acaɓa masu rigar ɗorawa suka yanyame mu hagu da dama, Baffa ya zaro Faransancinsa gaba ɗaya, wato "bonju" da "mersi", yana raba wa duk wanda ya yi masa ham. A gefen titi ga fetur jere cikin manyan kwalabe. Baffa ya nuna su da haɓa ya ce, "Man gida ne wannan. Ya riga mu tsallakowa, kuma ba wanda ya tambaye shi katin shawara."

A Wida yara suka ji labarin ɗakin tsafin da ake kiwon mesa, har a rataya wa baƙo ɗaya a wuya a ɗauke shi hoto. Suka fara roƙo a tsaya. Goggo ta ce duk wanda ya sauka, to ya nemi wata motar. Ba a tsaya ba.

Wajen Giran Popo ne itatuwan kwakwa suka buɗe, na hango wani abu shuɗi ya miƙe har ya haɗe da sama. Ban gama buɗe baki ba Goggo ta leƙo ta kafaɗata.

"Auta, ina tsallaken ruwan nan?"

"Ba shi da tsallake, Yaya. In kin miƙe sai ƙarshen duniya."

Ta yi salati. Ta ce ruwan da ba a ganin gaɓarsa ba a ƙura masa ido, masu shi ba sa son kallo, kuma ita ba za ta kai 'ya'yan mutane gida da shafar aljanu ba ana tsaka da biki. Ta buɗe jaka ta zaro zane, ta sa ni da hannuna na sauke gilashi, na maƙale bakin zanen, na ɗaga. Ta sa aka yi wa tagar yara haka da mayafinta.

Atamfa ce ruwan goro, mai zanen fanka da makullai. Kowace fanka tana da fiffike uku, tsakanin fanka da fanka makulli biyu sun gitta juna, akwai kuma wata 'yar ƙuna ta dutsen guga daidai saitin hancina. Na faɗi wannan dalla-dalla ne don shi ne abin da na gani a yankin da kowa ke cewa ya fi ko'ina kyau tsakanin Legas da Akra.

Tagar direba ce kawai ta tsira, don sai da madubi ake tuƙi. Sai Baffa ya zama gidan rediyo. "Kai! Ku dubi kwale-kwalen can! Ikon Allah, ku ga igiyar ruwa!" Wa zai duba? Kuma duk inda idon Baffa ya tafi, can sitiyari ke bi. Yana cewa "ku dubi", sai mota ta fara karkata hagu, sai tirela ta danno ham, sai Goggo ta daka tsawa: "Auta, hanya!" Haka muka yi ta tafiya, shi yana waƙe teku, ita tana amshi.

A Hilakonji muka shiga Togo. Wayata ta ja da baya da awa guda, na ce, "Baffa, nan da Ghana agogonsu na bayan namu da awa ɗaya." Ya ɗaga hannu ya nuna min nasa. Ya ce a Makka ya saye shi, bai taɓa yi masa ƙarya ba, ba kuma zai koya masa ƙarya a ƙasar mutane ba.

Togo ta bakin teku ba ta kai kilomita 60 ba, mai sauri ya ratsa ta kafin shayi ya huce. Mu dai mun wuce Aneho, garin da Jamusawa suka yi hedikwata kafin su koma Lome a 1897, sai mota ta fara tururi. Aka juye mata ruwan jarka duka, har da na alwala. La'asar ta yi. Baffa ya ce ba damuwa, malamai sun ce ruwan teku mai tsarki ne, ya halatta a yi alwala da shi. Gaskiya ya faɗa. Abin da malamai ba su gaya masa ba shi ne yadda ake ɗibansa.

Ya naɗe ƙafar wando, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya ajiye takalmansa gefe, ya bi ruwa lokacin da yake ja da baya. Ya cika buta, ya dawo taku biyu, ya tsuguna ya ba teku baya, kamar mai alwala a ƙofar gida bakin kwata. Ya wanke hannu. Ya kurkure baki, fuskarsa ta tattare wuri guda, amma ya daure saboda idon yara. Ya shaƙa a hanci. Atishawar da ya yi ba ta sauka ba igiyar ruwa ta iso. Ba ta yi sallama ba. Ta ɗauke shi daga tsugune ta zaunar, ta wuce da buta da hula da takalmin dama, ta bar masa na hagu.

"Ɗan nan, takalmina!"

Ganin da na yi wa Tekun Atlantika ke nan: kaina a sunkuye, ina bin takalmi cikin kumfa, yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Na kamo hular. Takalmi da buta kuwa sun riga sun kama hanyar ƙarshen duniya.

Ihun yara ne ya fito da Goggo daga mota, ta rufe rabin fuska da gyale don kada ta haɗa ido da masu ruwa. Ta zo da faɗa a bakinta, sai ta yi turus. Can gaba kaɗan masunta sun yi dogon layi suna jan taru da igiya, suna waƙa, ƙafa na tafiya tare. Tarun ya iso gaɓa cike da kifi yana tsalle, mata suka rufa da manyan kwanuka. Goggo ta shekara tana sarin bandar kifin Baga tana sayarwa a gida. Ta saki gyale. Ba ta jin Ewe, ba ta jin Faransanci, matan ba sa jin Hausa, amma da yatsu da tsaki da juya baya a yi kamar za a tafi, aka yi ciniki. Ta bi su har wurin banda a bayan bukkoki, ta dawo da yaro ɗauke da kwando. Na ce, "Goggo, masu ruwan fa?" Ta ce kifi ai ya fito, ba ruwansa da su. Zanen dai ba a cire ba. Jiragen dakon kaya da ke jere a gaban tashar Lome, da titin da ke bin rairayi har bakin iyaka, duk a rediyon Baffa na ji su.

A Aflawo Baffa ya ce kowa ya mayar da kuɗinsa aljihu, Ghana tasa ce. Ya zaro wani ƙunshi daga ƙasan jaka, ya kwance: damin takardun sidi 5,000, rabin miliyan cif, ragowar cinikin goro. Ya dire wa wani ɗan canji Bazabarme ya ce a ba shi ƙanana. Mutumin ya ɗaga takarda ɗaya ya duba gaba da baya, ya kira maƙwabcinsa shi ma ya gani.

"Alhaji, yaushe rabonka da Ghana?"

"Zamanin Rawlings."

"To, a 2007 aka canza kuɗi, aka yanke sifiri huɗu. Da ka kawo a lokacin, sidi hamsin za a ba ka. Yanzu sai dai jikoki su yi wasan 'yar kasuwa."

Goggo ce ta biya kuɗin tuwon dare, ba ta kuma bari an manta ba. Daga nan hanya ta rabu da teku, muka haye gadar Kogin Volta a Sogakope cikin duhu, Baffa na taka giya da silifas ɗin matarsa.

An sa ɗaurin aure ƙarfe goma na safe. Baffa ya tashe mu da faɗa, ya ce mun makara, ya kora mu masallaci wasu ko karyawa ba su yi ba. Muka tarar ba kowa sai wani yaro yana shara. Baffa ya dubi agogo, goma da kwata. Ya zauna a dakali ya dafe kai. An ɗaura an watse! Ya keta ƙasa huɗu, ya rasa takalmi, ya rasa rabin miliyan, a ce an ɗaura wa ɗansa aure ba waliyyi, duk saboda cinikin kifi. Yana cikin haka ladan ya fito ya ce, "Sannunku da sammako, baƙi." Ya aika aka kawo mana koko da ƙosai. Har yau in an tambayi Baffa surukansa, cewa yake mutanen kirki ne, illarsu ɗaya, komai sai sun makara da awa guda.

Ranar komawa na sake lissafi: mai nufar gabas, teku na damansa. Na kame kujerar dama tun asuba. Goggo ta zo ta tsaya a kaina ta ce in tashi, ita za ta zauna nan, don ta riƙa hango inda ake jan taru. Aka mayar da ni layin baya, tsakanin kwanduna na bandar kifi da aka jibga har rufi, hagu da dama. Muna fita Lome ta sauke gilashi gaba ɗaya, iska na kaɗa mata gyale, ta waiwayo.

"Ɗan nan, kana ganin ikon Allah kuwa?"

Na ce, "Ina dai jin ƙanshinsa, Goggo."