Tumtum ɗin da ya fi ciyaman daɗewa a ofis

Akwai wasu ma'aikatan gwamnati da ba sa cikin takardar albashi, ba a ƙara musu girma, ba sa yajin aiki, ba sa kuma ritaya. Ina nufin kayan da aka ɗora wa nauyin wakiltar ƙananan hukumominmu a wajen baje kolin kayan gargajiya: tumtum biyu na jar fata, gafaka ɗaya, ƙwarya mai zane, faifai, tabarmar kaba, sai wani linzami da tun da aka ƙera shi doki bai taɓa ɗanɗana shi ba.

Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23. Duk ranar da aka ce kowa ya fito da abin da ƙasarsa ke yi, sai a kafa rumfuna a jere, a liƙa wa kowace sunanta. Wanda ya saba zuwa irin wannan taro ba ya buƙatar karanta allon. Daga nesa zai hango tumtum mai tabon shayi a gefen hagu, ya ce, "Alhamdu lillahi, mutanenmu na gabas sun iso lafiya." Har gaisawa ake yi da kayan nan, don an daɗe ana tare.

Shirin baje koli ba shi da wuya. Takarda za ta iso ofis ranar Litinin, a shiga neman mabuɗin sito. Mai mabuɗi ya tafi ta'aziyya, sai Laraba. Ranar Laraba a buɗe, a kori ɓeraye, a karkaɗe ƙura, a samu tsumma da ɗan man gyaɗa a goge fatun har su ɗauki ƙyalli. A rubuta sabuwar shekara a jikin kwali. Shi ke nan, an shirya. Akwai ƙwaryar da in ka dubi tsufanta za ka rantse ta wakilci jihar nan tun Kebbi tana ciki, kafin a yanke ta a 1991, balle Zamfara da ta fita a 1996. Ta ga gwamnonin soja, ta ga kantomomi, ta ga ciyamomin riƙon ƙwarya, ita kuwa ƙwaryar da ake riƙon tana nan daram.

Masu shirya taro ba su jahilci wannan ba. Shi ya sa kowace shekara suke gindaya sharaɗi da babbar murya: sabon aiki kawai za a karɓa, kada a kawo abin da aka taɓa nunawa. Sharaɗin nan ya haifar da fasaha mai zaman kanta, wadda ta fi ta cikin rumfar burgewa. Baduku zai ƙara wa tsohuwar gafaka geza, ta zama ta bana. Gefen tumtum da ya kalli jama'a bara, bana shi zai kalli bango. In abin ya yi tsanani sai a nemi maƙwabta, tunda Wurno da Rabah da Goronyo ba su da nisa da juna: ku ba mu faifanku, mu ba ku tabarmarmu. Alƙalan taro su zo da takardu da biro, su tsaya a kan faifan da suka ba lamba ta uku bara, su ba shi ta ɗaya bana saboda ya yi ƙaura.

Matasan da suka karanto zane a Zariya, su nasu salon na 'yan boko ne. Ba sa taɓa hoton, suna suke canzawa. Zanen madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama gininta a kan kogin Rima a 1984, ya fito bara da sunan "Goronyo da damina". Bai samu mai saye ba, ya koma ɗaki ya zauna kusa da taga, rana ta koɗar da shi. Bana ga shi nan da sunan "Goronyo cikin hazo". In Allah ya kai mu baɗi gara ta ɗan taɓa shi, za a kira shi "Sauyin yanayi", kila ma wata ƙungiyar turawa ta ba shi kyauta. Hoton Sardauna kuwa dole ne a rumfar Rabah, tunda can aka haife shi. Wannan ba a ma yi masa sharaɗin sabunta, don ba wanda ke da ƙarfin halin cewa a sauke.

Abu ɗaya ne ba ya ha'inci a rumfunan nan: albasa da tafarnuwar Wurno. Su dole a kawo sababbi, don ta bara ko ta ruɓe ko ta tsiro. Su kam ba sa komawa gida. Kafin a yi addu'ar rufe taro sun shige but ɗin motocin manyan baƙi, ba tare da an ji ƙarar kuɗi ba.

Kada mutanen Wurno su raina albasarsu. A 2019 wani ɗan Italiya, Maurizio Cattelan, ya manna ayaba guda a bango da salatif a wani baje koli a Miami ta Amurka, aka saya dala 120,000. A watan Nuwamba na 2024 aka yi gwanjon wannan aiki a New York, ya kai dala miliyan 6.2, wanda ya saya, Justin Sun, ya ɓare ayabar ya cinye a gaban 'yan jarida. Ayabar ma ba guda ba ce, in ta yi baƙi sai a cire a manna wata. Ka ga mu ma muna da manyan da ke cinye kayan baje koli. Bambancin shi ne nasu yana biya kafin ya ci.

To, mun yi wa masu rumfa dariya, bari mu juyo kan masu kallo, don laifin ya fi yawa a nan. Ka tsaya ka ga yadda babban baƙo ke zagayawa. Maroƙi a gaba, masu ɗaukar hoto a baya, ga 'yan rakiya kamar za a ɗaurin aure. Ya tsaya, ya ɗaga tumtum, ya juya shi, ya gyaɗa kai. "Kai, aiki ya yi kyau. Dole mu riƙe al'adunmu." A ɗauki hoto. Ya tambayi kuɗi. Da an faɗa sai ya ce, "Allah ya yi albarka," ya ajiye ya wuce. Ba ya ma tayawa, balle mai kaya ya samu daɗin cewa albarka. Wannan shi ne baƙon kirki. Ɗayan shi ne wanda zai waiwayi yaronsa ya ce, "A sa mini wannan a mota, za mu yi magana." Maganar nan har yau ba a yi ta ba.

Mu talakawa ma ba mu tsira ba. Za mu shiga rumfa mu zauna a kan tumtum, mu ɗauki hoto da waya, mu ɗora a Facebook mu rubuta cewa muna alfahari da gadonmu. Daga nan mu biya kasuwa mu sayi jakar roba ta Sin mai tambarin da ba mu iya karantawa ba.

Na taɓa tsokanar wani dattijo baduku a irin wannan rumfa. Na ce, "Baba, wannan gafakar ai na san ta." Bai ko ɗago ba, ya ce, "Ɗana, ita ma ta san ka. Bara ka ɗauke ta, ka yaba, ka aje, ka tahi. In yi sabuwa in kai ina? Wagga da munka yi wa anka saida wa?" Na rasa ta cewa, sai na koma yabon ɗinkin.

Gaskiyarsa ce. Kafin fata ta zama gafaka sai majemi ya jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, a yanka, a yi mata ado, a ɗinke da hannu. Kuɗin fata daga aljihun baduku, kuɗin mota daga aljihunsa. Kuma fatar nan ba ta wasa ba ce. Jar akuyar Sakkwato ce ke ba da fatar da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, turawa suka saye ta a hannun 'yan Maroko suka laƙaba mata sunan can, suka yi wa manyan littattafansu bango da ita. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗinsa kuma aka binne shi a can a 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, a ciki har da nasihar a kula da masu sana'ar hannu. Mun kula da su ƙwarai: muna ba su takardar yabo mai hatimi. Baƙin nesa da a da suke saye ba ciniki, matsalar tsaro a yankin gabas ta rage musu zuwa, wannan kam ba abin dariya ba ne. Saura mu, masu yabo.

In baduku yana neman abokin kuka, akwai shi a Turai. Van Gogh ya sha zane yana tarawa a ɗakin ƙanensa. Zanensa na jar gonar inabi sai a 1890 ya samu mai saye a wani baje kolin haɗin gwiwa a Brussels, wata mai zane Anna Boch ta biya faran 400, a shekarar kuma ya rasu. Yau kwantan nasa miliyoyin daloli ne. Sai dai kada a gaya wa Baba wannan labari, don zai tambaya ko sai ya mutu za a saya, ni kuma ba ni da amsa mai daɗi.

Shawarata biyu ce. Ƙwaryar nan da tumtum mai tabon shayi sun yi wa ƙasa hidima iya hidima, a yi musu walimar ritaya a kai su gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, inda tsufa ba abin kunya ba ne. Sannan masu shirya taro su bar baduku ya huta, su juya sharaɗin kan baƙi: duk wanda ya ɗaga kaya aka ɗauke shi hoto, ya saya ke nan. Kai ma mai karatu, in za ka baje kolin bana, ka taho da kuɗi, ko alabe ɗaya ne ka saya.