Masu Cinikin Biri a Sama

Ƙunshin kati, a ma'anar da ake nufi a nan, 'yar takarda ce mai kaki wadda kamfanoni irin su Topps da Fleer na Amurka suka riƙa naɗe hotunan 'yan wasa a cikinta tare da ɓallin cingam, suna sayar wa yara a kan 'yan kwabbai, sai ga shi yau waɗanda ba a taɓa ɓarkewa ba sun zama hajar da dattawa masu furfura ke kokawa a kanta a gidajen gwanjo. Mutumin Yauri ko Wara ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya gane wannan sana'a, domin ita ce Bahaushe ke kira cinikin biri a sama, kuma duk almajirin da ya kai babin ciniki a Risala ya san an hana sayar da kifin da ke cikin kogi tun ba a kama shi ba, saboda garari, wato jahiltar abin da aka biya kuɗi a kansa. To wannan jahilcin shi ne ainihin abin sayarwa a kasuwar, masu sayensa kuwa iri-iri ne.

Babbansu shi ne Mai Gadi, wanda ke sayen kwali da kuɗin gina gida, ya kulle shi a ɗaki mai sanyi, ya hana 'ya'yansa ko atishawa kusa da shi, amma har ya koma ga Mahaliccinsa ba zai buɗe ba, saboda ya san darajar kayan tana ƙarewa ne a ranar da aka ga cikinsu. Irinsa suka yi ta ƙara farashi a watan Fabrairun 2024 a kan wani katan na kamfanin O-Pee-Chee na 1979, mai kwalaye 16, da aka tsinta a wani gida a Saskacewan ta Kanada, har ya kai dala miliyan 3.72, a bisa zaton akwai katunan farko na ɗan wasa Wayne Gretzky a ciki. Misalinsa kamar Basarken da ya shimfiɗa taru a tafkin Kainji sannan ya ƙi ja, don gudun kada giwan ruwan da yake zato ta zama karfasa.

Kishiyarsa Ɓarkau ne, wanda haƙurinsa bai kai na kaza a bakin rumbu ba. Yakan sa safar hannu, ya kunna kyamara, ya ɗauki kwalin Fleer na 1986 mai ƙunshi 36 yana neman katin Michael Jordan, yatsunsa na rawa, yana zare kati ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɓare ƙwai, har ya iso kan cingam ɗin da ya bushe ya manne a jikin kati, kuma akan samu mai ƙarfin halin da zai jefa shi baki ya tauna. Idan aka tashi babu Jordan sai ya yi murmushin yaƙe ya ce dama don nishaɗi ya saya, maganar da duk wanda ya taɓa yanke dilar gwanjo a tsakiyar bazarar Yauri ya tarar da rigunan sanyi zalla ya san nauyinta.

Mai Sunsuna kuwa ba ya yarda da kowa: yana haska ƙunshi da fitila, yana duban naɗin bayansa, yana kai shi hanci, kuma ba a ga laifinsa ba, domin akwai ɗan damfarar da ke buɗewa ya tsince mai tsada ya mayar da tarkace, sannan ya sake manne kakin da dutsen guga. Ko hatimin masana ba ya hana damfara: a watan Janairun 2022 wani mai suna Logan Paul ya buɗe katan ɗin Pokémon da ya saya dala miliyan 3.5 da shaidar masu tantancewa, ya tarar da katunan G.I. Joe a madadinsu.

Akwai Mai Da-na-sani, wanda a kowace majalisa yake ba da labarin katunan da gyatumarsa ta share ta zuba a bola, kuma adadinsu na ƙaruwa duk shekara. Sarkin wannan zuriya shi ne Sy Berger na Topps, wanda wajajen 1960 ya loda kwantan katunan 1952 a jirgin ruwa aka juye su a tekun Atilantika, alhali guda ɗaya daga wannan jerin, na ɗan wasa Mickey Mantle, an sayar da shi dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022. Abin da Mai Da-na-sani bai cika faɗa ba shi ne, masu zubarwa ne suka yi wa masu ajiya arziki. Na ƙarshensu, Makararre, bai fahimci haka ba, shi ya sa ya cika ɗaki da kwalayen wajajen 1990, lokacin da kamfanoni suka buga kati kamar albasa a kakarta kuma kowa ya ɓoye nasa, yau ga shi yana gadin abin da kowane maƙwabci ke da irinsa.

Katan ɗin Saskacewan dai ya koma gwanjo a watan Disambar 2024 bayan mai sayen farko bai cika kuɗi ba, aka sallama shi a kan dala miliyan 2.52, ba tare da an ɓarke ko ƙunshi ɗaya ba.