Yadda Za Ka Ratsa Fadamar Camargue a Kan Keke Ka Fita da Jininka

Da farko dai, ɗan'uwa, kada ka saki jiki da taswira. Za ta nuna maka yankin Camargue a kudancin Faransa, inda kogin Rhone ya rabu biyu kusa da garin Arles kafin ya zuba cikin Bahar Rum, ta ce maka ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba gangare. Ba ta yi ƙarya ba, don duk faɗin wurin da ƙyar za ka sami inda ya ɗara teku da 'yan mitoci. Abin da ta ɓoye maka shi ne sarakuna biyu ke riƙe da wannan fadama, iska da sauro, kuma karɓa-karɓa suke yi. Idan iska ta hau gado sauro ya lafe a cikin ciyawa. Idan ta kwanta, shi ya tashi da jama'arsa. Aikinka a matsayin baƙo mai keke shi ne ka san wanda ke kan gado kafin ka ɗora ƙafa a feda.

Iskar sunanta mistral. Daga arewa take gangarowa ta kwarin Rhone, busasshiya mai sanyi, tana share sama tas har ka hango abin da ke nesa kamar a tafin hannu. Takan wuce gudun kilomita 100 a sa'a, kuma idan ta sauka takan yi kwanaki ba ta yi sallama ba. In kana so ka san girmanta a wurin mutanen yankin, dubi tsofaffin bukkokin makiyayansu, masu farin bango da jinkar ciyawar fadama. Bayan kowace bukka a lanƙwashe yake, yana fuskantar arewa, ƙofa kuwa tana kudu. Mutanen da suka shekara ɗaruruwa a wurin sun juya wa iskar nan baya da gidajensu, to kai wane ne da za ka ba ta fuska da keke? Ka tashi daga Arles ka nufi kudu, ka bar ta tana tura ka. Za ka ji ƙafarka ta yi sauƙi, keken na tafiya kamar an sa masa inji, zuciyarka ta fara raya maka cewa ashe kai gwani ne. Ka gode wa Allah, ka yi shiru, don idan ka juya za ka koma arewa za ka gane wanda ya yi aikin. Kuma kada ka jibga jakunkuna a gefen keke har su zama tanti. Iska tana wahalar da mai kayan kara.

Game da keken kansa, nemi na hanyar burji, mai taya mai kauri, faɗin milimita 40 ko sama da haka, ka ɗan rage mata iska don ta kama tsakuwa da yashi. Siririyar tayar tsere ta kwalta za ta nutse da kai tun ba a je ko'ina ba. Ɗauki famfo da kayan faci da tub na sauyi, domin mai faci ba ya zama a ƙarƙashin bishiya a can, bishiyar ma ba ta da yawa. Ruwan sha kuma ka ninka abin da ka yi niyya. Ruwa ne hagu da dama, amma mafi yawansa na gishiri ne.

Daga Arles zuwa Saintes-Maries-de-la-Mer a bakin teku bai kai kilomita 40 ba ta babban titi, amma ka bar wa motoci titinsu. Bi ƙananan hanyoyi da ke ratsa gonakin shinkafa, gefen magudanan da ke janyo ruwan kogi. Shinkafar nan ba ado ba ce. Ruwan daɗin da ake malalawa a gonakin shi ke danne gishirin ƙasa, kuma daga nan mafi yawan shinkafar da Faransa ke nomawa take fitowa, har da ja. Za ka wuce gefen tafkin Vaccarès, wanda ya kai kimanin hekta 6,500, kuma yana cikin wurin da aka keɓe wa tsuntsaye da namun daji tun 1927. Nan za ka fara tsayawa ba tare da ka yi niyya ba.

Dalilin tsayawar shi ne filamingo, tsuntsu mai doguwar ƙafa da dogon wuya, launin ruwan hoda, wanda ke cin abinci da kansa a kife cikin ruwa. Launin daga abincinsa yake samu, wato ƙananan jatan lande da gansakukar ruwan gishiri, shi ya sa 'ya'yansa ke fitowa toka-toka sai daga baya su yi kyau. Ƙa'idar kallonsa ɗaya ce: ka ja birki, ka sauke ƙafa, sannan ka ɗaga kai. Wanda ya ce zai haɗa kallo da tuƙi a kan hanyar da magudana ke gefenta, to da tufafinsa zai yi wanka. Idan kana son ganin su kusa, akwai lambun tsuntsaye na Pont de Gau, 'yan kilomitoci arewa da Saintes-Maries. Za ka kuma ga balbela tana bin shanu, ita dai wadda ka sani, ka gaishe ta.

Shanun kuwa baƙaƙe ne wuluk, ƙahonsu a miƙe sama, kuma ba don madara ake kiwon su ba. Wasa ake yi da su a dandali, inda samari cikin fararen kaya ke rugawa su fizge ƙyallen da aka ɗaura tsakanin ƙahon sa. Wanda ya taɓa ganin hawan ƙaho a Kano zai gane irin zuciyar da ake buƙata. Ba a kashe san, gida yake komawa, kuma wanda ya yi suna har gunkinsa ake kafawa a gari. Saboda haka idan ka ga shinge, ka girmama shi. Kada ka tsallaka don ɗaukar hoto, dabbar da ke ciki ta saba bin mutanen da suka fi ka gudu. Dawakin makiyayan farare ne, amma da baƙin gashi ko ruwan ƙasa ake haifar su, sai sun girma suke yin fari. In kun haɗu da ayarin mahaya a siririyar hanya, rage gudu, yi magana don dokin ya san mutum ne, ka ba su hanya.

Inda tafiyar ta fi daɗi shi ne kan bangon da aka gina a 1859 don hana teku shiga fadama. Daga Saintes-Maries yake miƙewa gabas, mota ba ta hawa, sai mai ƙafa da mai keke. Teku na damanka, tafkuna na hagunka, sama ta rufe ku gaba ɗaya, babu inuwa, babu shago, babu abin da ke tsaye sai hasumiyar fitila ta Gacholle da aka gina a 1882, kimanin kilomita 12 a gaba. Za ka hango ta tun da wuri, ka yi ta tuƙi tana nan inda take. Kada ranka ya ɓaci, haka fili yake yi wa ido. A wasu wurare iska ta kwaso yashi ta zuba a kan hanya, taya ta tsaya cak. Sauka ka tura, ba abin kunya ba ne, kowa turawa yake yi. Amma in an yi ruwan sama jiya, ɗaga tafiyar, don taɓon wurin yana manne wa taya har ta ƙi juyawa, ka koma kai ne ke ɗauke da keken.

To, sai sarki na biyu. Sauron Camargue ba shi da kunya, kuma ba ya jiran dare. Tun shekarun 1960 ake yaƙi da sauro a gaɓar da ke yamma don masu yawon shaƙatawa, amma tsakiyar fadamar an bar shi, saboda tsuntsaye da sauran halittu da shi suke rayuwa. Ina goyon bayan wannan, don wurin nasu ne kafin ya zama namu. Kai dai ka sa riga mai dogon hannu, ka shafa magani, kuma ka san cewa matuƙar taya na juyawa ba zai cim maka ba. Lokacin haɗari shi ne faɗuwar rana, daidai sa'ar da ruwa ke yin ja, hannunka ya kai ga waya. Ɗauki hoto ɗaya ka hau. Idan taya ta sace a wannan sa'a, yi facin da saurin da ba ka san kana da shi ba. Watan Afrilu ko Oktoba sun fi sauƙin zafi da cizo. Ranakun 24 da 25 ga Mayu kuwa garin Saintes-Maries cike yake maƙil da masu ziyarar ibada ta shekara-shekara, wurin jingine keke ma sai an nema.

Daga Saintes-Maries ka nufi yamma. Akwai ɗan jirgin fito da ake kira Bac du Sauvage, yana tsallakar da mutane da dawaki da kekuna ƙaramin reshen kogin kyauta, amma yana da lokutansa, ka duba kafin ka iso. Gaba kaɗan sai Aigues-Mortes, gari mai ganuwar dutse da ta haura kilomita ɗaya da rabi, inda Sarkin Faransa Louis na 9 ya tashi da jiragensa zuwa Masar a 1248, ya sake tashi a 1270 zuwa Tunis inda ya rasu. Gefen ganuwar filayen gishiri ne masu ruwa ja-ja. Hanyar da ke bin magudanar jiragen ruwa ta Rhone zuwa Sète tana ratsa nan, miƙaƙƙiya, ɓangare ce ta hanyar keke ta ViaRhôna mai tsawon kilomita 815 daga tafkin Janeba. Kuma garin yana da tashar jirgin ƙasa zuwa Nîmes, wato hanyar komawa arewa da mistral ba ta da iko a kanta.

Kafin ka shiga jirgin, wanke kaca da ruwan daɗi ka sa mata mai, in ba haka ba gishiri zai cinye ta cikin 'yan kwanaki. A gidan abinci ka tambaya kafin ka ce a kawo gardiane, farfesun naman sa da suke alfahari da shi, don da giya ake dafa shi. Jar shinkafa da kifi sun wadatar. Sannan ka shiga gidan burodi ka nemi fougasse ta Aigues-Mortes, lallausan burodi mai sukari da ƙamshin furen lemo. Ka sayi biyu, don ta farko ba za ta kai tasha ba.