Tsatsar Gyaɗa da Gyauron Maƙwabci

A Ingila, mai lambu kan tattara ganyen furanninsa da suka zube kafin hunturu ya kankama, don kada tsatsa ta kwana a ciki. Fure ne fa, ko miya ba a yi da shi. Mu a Rikoto ta ƙasar Zuru gyaɗa take bi, kuma sai damina ta yi nisa take sallama, lokacin da manomi ya riga ya ci bashi a kan amfanin.

Juya ganyen ka gani: ƙananan ƙuraje ja-ja, in ka murza sai yatsa ya fito kamar ka dangwali yaji. Ganyen ya bushe, ƙwaya ta ƙanƙance, harawar kuwa tunkiya ma sai ta shinshina ta kau da kai.

Ranin Zuru ya isa ya gama da ita, don ba ta daɗewa a busasshen ganye. Gyauro ne mai masaukinta. Ka tumɓuke naka tsaf, maƙwabci ya bar nasa wai arziki ne ya tsiro da kansa, iska ta kwaso ta kawo maka kyauta. Ka je yi masa magana, ya tare ka da "Malam, ya iyali?"